Bitamin D da ciwon makula na tsufa: tambayoyi da amsoshi

Tun da labari ya fara yawo cewa ƙarancin bitamin D yana da hannu wajen dusashewar ganin tsofaffi, kasuwar ƙwayoyin ƙarin lafiya ta buɗe. 'Ya'ya na saya wa iyaye, na ƙasar waje na aiko wa na gida kwalba-kwalba. Maganar tana da tushe, amma an cika mata gishiri. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta, da abin da bincike ya nuna.

Mene ne ciwon makula na tsufa?

A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da haske ke sauka a kansa, likitoci na kiransa ratina. A tsakiyarsa akwai wani ɗan wuri da faɗinsa bai wuce milimita 5 da rabi ba, shi ne makula. Da shi ake karatu, da shi ake zura zare a allura, da shi ake gane fuskar wanda ya yi sallama. Sauran ratina aikinta ganin gefe ne. Idan shekaru suka ja, galibi daga 55 zuwa sama, wannan ɗan wurin kan fara lalacewa a idon wasu mutane. A takardar asibiti za ka ga an rubuta AMD.

Mai wannan ciwo ba ya shiga duhu gaba ɗaya, kuma wannan ne ke rikita iyali. Dattijo zai tafi masallaci da ƙafarsa ba ɗan jagora, ya kauce wa kwata, ya ga akuya ta gitta ta gefe. Amma ka tsaya a gabansa, yana ganin hularka da kafaɗunka, inda hanci da idanu suke kuwa sai wani dishi-dishi. Ka miƙa masa kuɗi, sai ya karkata kai yana dubansu ta wutsiyar ido. Da yawa an zarge su da girman kai, wai sun daina amsa gaisuwa, alhali fuskar mai gaisuwar ce ba su gani ba.

Iri nawa ne?

Biyu. Akwai busasshe, wanda shi ne kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100. Wasu 'yan ɗige-ɗige masu ruwan ɗorawa da ake kira durusen suna taruwa a ƙarƙashin ratina, ƙwayoyin gani suna mutuwa a hankali cikin shekaru. Sai mai ruwa, inda wasu sababbin jijiyoyin jini marasa ƙwari ke tsirowa a ƙarƙashin makula suna yoyon ruwa da jini. Shi ne mafi ƙaranci amma shi ya fi ɓarna, domin cikin 'yan makonni yana iya cinye tsakiyar gani ya bar tabo. Busasshe yana iya juyewa ya koma mai ruwa.

To, ina ruwan bitamin D da ido? Ai mun san shi da ƙashi.

Gaskiya ne, aikinsa da kowa ya tabbatar shi ne taimakon hanji wajen tsotso kalsiyam don gina ƙashi. Fata ce ke ƙera shi idan hasken rana ya taɓa ta, hanta ta sarrafa shi zuwa nau'in da ake aunawa a jini, sannan ƙoda ta mayar da shi nau'in da ke aiki. Abin da ya jawo hankalin masana ido shi ne, an gano ƙwayoyin da ke shimfiɗe ƙarƙashin ratina suna da wurin karɓar bitamin D, kuma a ɗakin gwaji bitamin ɗin yana rage kumburi, yana kuma dakushe tsirowar sababbin jijiyoyin jini. Waɗannan abubuwa biyu kuwa su ne ginshiƙin ciwon makula. A 2012 masu bincike a University College London suka ba tsofaffin ɓeraye bitamin D na makonni shida, suka ga kumburin ratina ya ragu, ganinsu ya ƙaru. Sai dai ɓera ba shi da makula irin ta mutum, don haka sakamakon ya isa ya sa a ci gaba da bincike, bai isa a rubuta wa kowa magani ba.

Ba an ce bincike ya nuna masu ƙarancin bitamin D sun fi kamuwa ba?

Wasu bincike sun nuna haka, wasu sun nuna babu. Wanda ya fara tayar da ƙura ya fito ne a Amurka a 2007. An duba bayanan mutum 7,752 da gwamnati ta auna lafiyarsu tsakanin 1988 da 1994, sai aka ga waɗanda bitamin D ɗinsu ya fi yawa a jini, yiwuwar a same su da matakin farko na ciwon ta yi ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka kwatanta da waɗanda nasu ya fi ƙaranci. A 2011 wani bincike a kan mata 1,313 da suka daina al'ada ya sami irin wannan alaƙa, amma a waɗanda ba su kai shekara 75 ba kaɗai. Wani abin lura a cikinsa: alaƙar ta bayyana a bitamin D na abinci da ƙwaya, ba ta bayyana a yawan zama cikin rana ba. A 2015 aka sake duba matan, aka ga wadda ta haɗa ƙarancin bitamin D da wani gadon halitta mai suna CFH daga uwa da uba, haɗarinta ya ninka fiye da sau shida.

A ɗaya ɓangaren kuma, a 2011 ɗin dai aka kwatanta masu ciwon 1,045 da marasa shi 8,124 a Isra'ila. Matsakaicin bitamin D a jinin ɓangarorin biyu ya zo daidai, wajen 24 kowanne a ma'aunin ng/mL da ɗakunan gwaji ke amfani da shi. Wani bincike a kan tsofaffin birnin Bodo na Faransa ma bai ga alaƙa ba. Mai son sayar da ƙwaya zai karanto maka rukunin farko ya tsallake na biyu.

Idan har an ga abubuwan biyu tare, ba shi ke nan ɗaya ne ya jawo ɗaya ba?

Nan ne mafi yawan mutane ke tuntuɓe. Furfura da ciwon gwiwa suna yawan zuwa tare, amma ba wanda zai ce rina gashi zai warkar da gwiwa. Tsufa ne ya kawo su duka biyun.

Duba wanda bitamin D ɗinsa ya fi yin ƙasa. Tsoho ne, domin ƙarfin fata wajen ƙera shi yana raguwa da fiye da rabi daga ƙuruciya zuwa tsufa. Mai ƙiba ne, domin kitse yana riƙe bitamin ɗin ya hana shi yawo a jini. Mai shan sigari ne, ko marar motsa jiki, ko wanda ba ya cin kifi. Kusan duk waɗannan abubuwan suna da tasu alaƙar da ciwon makula ko da ba a ambaci bitamin D ba. Masu bincike suna ƙoƙarin cire tasirinsu a lissafi, amma ba ya fita tas.

Sannan abin yana iya zama a juye. Tsohuwar da ganinta ya fara dusashewa ta daina zuwa kasuwa, ta daina zuwa barka da ta'aziyya, tana ɗaka wuni guda. Bayan shekara biyu a ɗebi jininta a ga bitamin D ya yi ƙasa. A nan ciwon idon ne ya jawo ƙarancin.

Akwai kuma wata hujja da ba a cika kawowa ba. A Amurka, baƙaƙen fata sun fi Turawa ƙarancin bitamin D a jini ƙwarai, amma Turawan ne suka fi fama da ciwon makula mai tsanani. Da bitamin D ne babban mai riƙe da akalar, da lissafin ya fito akasin haka.

Shin an taɓa gwadawa kai tsaye, a ba wasu ƙwayar a hana wasu?

An yi, kuma shi ne gwajin da ya fi kowane nauyi a wannan magana. Sunansa VITAL, asibitin Brigham and Women's da ke Boston ne ya jagorance shi. An ɗauki mutum 25,871, maza daga shekara 50, mata daga 55, kusan ɗaya cikin biyar baƙaƙen fata ne. Ƙuri'a ce ta raba su: rabi suna shan IU 2,000 na bitamin D kullum (IU ma'aunin yawan bitamin ne), rabi suna shan ƙwaya mai kama da ita wadda babu komai a ciki, ba mai sha ba likita babu wanda ya san wa ke shan me. Amfanin ƙuri'a shi ne masu sigari, masu ƙiba da masu cin kifi duk sun rarrabu daidai a ɓangarorin biyu, bambancin da ya rage shi ne ƙwayar kawai.

Bayan fiye da shekara biyar aka ƙirga waɗanda ciwon makula ya kama ko nasu ya tsananta. A cikin masu shan bitamin D mutum 163, a cikin masu shan ƙwayar banza mutum 161. An wallafa sakamakon a 2020. A gwajin dai an gwada man kifi, shi ma bai nuna kariyar a zo a gani ba.

Wanda ke son kare bitamin D yana da abin faɗi guda ɗaya mai ma'ana: yawancin mutanen VITAL ba su da ƙaranci tun farko, matsakaicin bitamin D a jininsu ya kai wajen 30 ng/mL. Saboda haka gwajin ya nuna ƙara bitamin D a kan wanda ya ishi jiki ba ya kare ido, bai rufe ƙofa gaba ɗaya a kan mai ƙaranci mai tsanani ba. Amma shi mai ƙaranci mai tsanani ai dama ana ba shi magani saboda ƙashinsa, ko da ido ko babu ido.

Kenan kada Baba ya sha bitamin D?

Ba haka ba ne. Idan likita ya ga yana da ƙaranci, ko ƙashinsa ya yi taushi, ko yana kwance ba ya fita, ya sha. Ƙarancin yana kawo ciwon ƙashi da raunin cinyoyi, har tsoho ya kasa tashi daga tabarma sai ya dafa bango. Abin da bai kamata ba shi ne a ɗauka an yi maganin ido, a fasa zuwa asibiti. Wannan ne haɗarin da ya fi girma a duk maganar.

An auna min jini, an rubuta 25(OH)D da wata lamba. Yaya zan karanta?

Fara duba ma'aunin da ke gefen lambar. Wasu ɗakunan gwaji suna rubuta ng/mL, wasu nmol/L, kuma na biyun ninkin na farko ne sau biyu da rabi. Wato 20 a na farko ita ce 50 a na biyu. A ma'aunin Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka, 20 ng/mL zuwa sama ya ishi kusan kowa, ƙasa da 12 kuwa ƙaranci ne. Wasu likitoci sun fi son ganin 30, shi ya sa takarda ɗaya za ta zama lafiya lau a wajen wani, ƙaranci a wajen wani. Babu wata lamba da aka tabbatar tana kare makula.

Gwajin ba shi da araha, kuma a 2024 ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Amurka ta ba da shawarar a daina yi wa masu lafiya shi haka siddan. Idan kuɗin na gwaji ɗaya ne, kuma damuwar ido ce, gara a kashe shi a wajen likitan ido.

Nawa ya kamata a sha, kuma yana illa idan ya yi yawa?

Abin da ake so jiki ya samu a rana IU 600 ne har zuwa shekara 70, daga nan IU 800. Iyakar da ba a so a wuce ba tare da kulawar likita ba ita ce IU 4,000 a rana. Wasu kwalabe suna rubuta mikirogiram: kowane ɗaya IU 40 ne.

Yana illa, domin ba ya fita da fitsari kamar bitamin C, taruwa yake yi. Kuskuren da aka fi yi shi ne da ƙwaya mai IU 50,000, wadda ake rubuta ta sau ɗaya a mako na ɗan lokaci, sai mutum ya riƙa haɗiyarta kullum da safe tare da maganin hawan jini. Kalsiyam ya hau a jini, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga tashin zuciya da taurin bayan gida, wani lokaci har ruɗewa, a ƙarshe ƙoda ta taɓu. A tsoho mai ciwon suga ana iya ɗora waɗannan alamun a kan suga a yi ta neman magani a inda babu. Mai tsakuwar ƙoda ko ciwon ƙoda kada ya fara sai ya tambayi likita.

Mu da rana ke dukanmu shekara da shekaru, za mu yi ƙarancin bitamin D?

Ana yi. Wani nazari da ya tattara binciken ƙasashen Afirka a 2020 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku yana ƙasa da 50 nmol/L, kuma abin ya fi yawa a birane, da mata, da jarirai. Makiyayan Masai da mafarautan Hadza a Tanzaniya, masu wuni a fili, an same su da matsakaicin 115. Rana ɗaya ce, zaman ne ya bambanta.

Manomi da mai tallan kasuwa da ɗan acaɓa ba su cika zama abin damuwa ba. Waɗanda ake dubawa su ne ma'aikacin da ke fita daga gida cikin mota ya shiga ofis sai magariba, da tsohon da ciwo ya kwantar, da matan da ke zaune a gidajen zamani. Gidan gargajiya yana da tsakar gida, inda mace ke daka da wanki da shanya, rana na taɓa hannuwanta da wuyanta ba tare da ta fita ko ta saɓa wa suturarta ba. Gidan bene mai rufaffen falo ba shi da wannan. Zama kusa da taga ma ba ya amfani, domin gilashi yana tare nau'in hasken da fata ke buƙata. Baƙar fata kuma tana buƙatar lokaci fiye da farar fata kafin ta ƙera adadi ɗaya.

'Yan'uwa da ke zaune a Ingila lamarinsu daban ne. Daga Oktoba zuwa Maris ranar can ba ta da ƙarfin sa fata ta ƙera komai, shi ya sa hukumar lafiyarsu ke ba kowa shawarar shan IU 400 a wannan lokacin, masu duhun fata kuma su yi tunanin sha duk shekara. Saudiyya da maƙwabtanta, duk da zafin ranarsu, suna cikin ƙasashen da ƙarancin ya fi yawa.

A gefe guda, ba kowace ƙafar yaro da ta yi gwame ko baka ce ƙarancin bitamin D ba. Binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna yaran da ke da wannan matsala sun fi warkewa da kalsiyam, ko shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, fiye da bitamin D zalla.

In riƙa kallon rana da safe don ido ya samu bitamin D?

A'a, ko kusa. Fata ce ke ƙera shi, ido ba ya ƙerawa. Kallon rana kai tsaye yana ƙona makular da ake son karewa, kuma likitocin ido suna ganin irin wannan ƙunar bayan husufin rana. Yawan hasken rana a ido yana kuma gaggauta yanar ido. A bar hannu da ƙafa su sha rana, a sa wa ido malafa ko baƙin tabarau.

Wane abinci ne ke da shi?

Kaɗan ne: kifi mai mai irin su sadin da taitus, gwaiduwar ƙwai, hanta, man hantar kifi, da madara ko man shafa wa burodi da aka ƙara musu shi. Tuwo, shinkafa, wake da ganye babu shi a cikinsu. Ga lafiyar makula kuwa, abin da ya fi samun goyon bayan bincike shi ne wasu sinadarai biyu masu launi, lutin da ziyazantin, waɗanda ke taruwa a cikin makular kanta. Ana samunsu a alayyahu, zogale, sauran koren ganye, jar masara da gwaiduwa. Kwaɗon zogale da miyar alayyahu sun fi kusa da idonka fiye da kwalbar da aka aiko daga Dubai.

Akwai ƙwayoyin bitamin da aka tabbatar suna taimakon wannan ciwo?

Akwai haɗi ɗaya, kuma babu bitamin D a cikinsa. Cibiyar Ido ta Ƙasa ta Amurka ta gudanar da gwajin AREDS, sakamakonsa ya fito a 2001: haɗin bitamin C miligiram 500, bitamin E IU 400, bita-karotin, zink miligiram 80 da sinadarin jan ƙarfe miligiram 2 ya rage yiwuwar ciwon ya kai mataki mai tsanani da kusan kashi 25 cikin 100 a shekara biyar. A 2013 gwaji na biyu, AREDS2, ya nuna za a iya cire bita-karotin, wanda ke ƙara haɗarin kansar huhu ga masu shan sigari da waɗanda suka taɓa sha, a sa lutin miligiram 10 da ziyazantin miligiram 2.

Haɗin ba na kowa ba ne. Yana amfanar wanda ciwonsa ke matakin tsakiya, ko wanda ido ɗaya ya riga ya yi tsanani ana tsaron ɗayan. Ba ya hana mai lafiya kamuwa, ba ya dawo da ganin da ya tafi. Sanin matakin kuwa sai an ɗiga magani an buɗe ƙwayar ido an duba ciki.

Me ya fi bitamin D muhimmanci wajen kamuwa?

Shekaru, gado da sigari. Biyun farko ba yadda za a yi da su. Sigari kuwa tana ninka haɗarin sau biyu zuwa huɗu, kuma babu wata ƙwaya da aka taɓa gwadawa da tasirinta ya kusanci na daina ta. Hawan jini da ƙiba suna biye.

Ciwon yana da yawa a cikinmu?

A duniya an ƙiyasta mutum miliyan 196 ne ke da shi a 2020, ana hasashen su kai miliyan 288 a 2040, kuma ya fi kama masu asalin Turai. A Nijeriya ba shi ne kan gaba ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 a kan masu shekara 40 zuwa sama ya nuna kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, yanar ido ta ɗauki kashi 43 cikin 100 na makantar, hawan jinin ido kusan kashi 17. Don haka idan ganin Inna ya dusashe, abin da ya fi yiwuwa shi ne yana, wadda aiki na 'yan mintoci ke cirewa.

Akwai kuma wasu abubuwan da ke lalata makula waɗanda ba tsufa ba ne: ciwon suga, sikila, da shan kulorakwin na shekaru ba ƙa'ida, wanda tsofaffi da yawa suka saba yi duk lokacin da jiki ya yi ɗumi. Dukansu mai ciwon zai ce maka gani ne ya yi hazo, amma maganinsu ya sha bamban.

Ta yaya zan gane da wuri?

Gwada ido ɗaya-ɗaya, domin lafiyayyen ido yana rufa wa marar lafiya asiri har sai abin ya yi nisa. Sa tabaran karatunka, rufe ido ɗaya da tafin hannu, dubi abu mai miƙaƙƙen layi: gefen ƙofa, layukan tayil, sahun rubutu a littafi. Idan layi ya lanƙwashe, ko haruffa suka ɓace daga tsakiyar kalma, ko wani tabo ya zauna a duk inda ka kai dubanka, sai ka sauya ido ka sake. Asibitoci suna ba da wata takarda mai layuka kamar raga da ɗigo a tsakiya, wadda likitan idon Suwizalan Marc Amsler ya tsara, ana riƙe ta wajen santimita 30 daga fuska.

Lanƙwashewar layi da ta zo farat ɗaya cikin kwanaki alamar nau'in mai ruwa ce. Ba a jira ƙarshen wata, ba a jira a gama shan kwalba a gani. A Ingila ƙa'idarsu ita ce a fara magani cikin kwana 14 daga ranar da aka tura mutum. A nemi asibitin da ke da likitan ratina da na'urar OCT mai ɗaukar hoton ratina, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko manyan asibitocin ido na Kano. Shagon yanka tabarau ba zai iya wannan ba.

Yana da magani?

Mai ruwa yana da shi, kuma yana aiki. Allura ce ake yi a cikin farin ido bayan an kashe wurin da ɗigon magani, tana dakatar da sinadarin da ke sa jijiyoyin tsirowa. Lucentis ya fito a 2006, Eylea a 2011, Vabysmo a 2022. Akwai Avastin, wanda asalinsa maganin kansa ne, ya fi su araha nesa ba kusa ba, kuma babban gwajin da aka yi a Amurka ya nuna a 2011 cewa aikinsa a ido ya yi daidai da na Lucentis. A gwaje-gwajen farko, kusan mutum tara cikin goma ganinsu ya tsaya bai ci gaba da lalacewa ba, kusan ɗaya cikin uku kuma ya ƙaru sosai. Galibi ana farawa da allura ɗaya kowane wata har wata uku, daga nan a riƙa tazara gwargwadon abin da hoto ya nuna. Wahalar tana wajen ɗorewa: kuɗin mota, kuɗin allura, da wanda zai raka tsoho. Gara iyali su zauna su yi wannan lissafin tun ranar farko, domin wanda ya yi biyu ya daina, yoyon kan dawo.

Busasshe kuwa, a 2023 Amurka ta amince da allurai biyu, Syfovre da Izervay, masu rage saurin yaɗuwar lalacewar a matakin ƙarshe. Ba sa dawo da gani, kuma hukumar magunguna ta Turai ta ƙi amincewa da na farkon.

Mahaifiyata tun da idonta ya lalace take cewa tana ganin mutane da furanni a bango. Aljanu ne ko taɓin hankali?

Sau da yawa ba ko ɗaya. Idan saƙon da ido ke aika wa ƙwaƙwalwa ya ragu, ita ƙwaƙwalwar kan ƙirƙiro hotuna ta cike gurbin: zane-zane, ƙananan mutane, dabbobi, fuskokin da ba a sani ba. Wani masani ɗan Suwizalan, Charles Bonnet, ya bayyana haka a 1760 daga abin da ya gani a wajen kakansa, kuma da sunansa ake kiran yanayin har yau. Alamarsa ita ce hotunan ba sa magana, ba su da sauti, kuma mai ganinsu yakan san ba gaskiya ba ne. Tsofaffi da yawa suna ɓoyewa don gudun a ce sun zautu. A gaya wa likitan ido, a kuma kwantar wa Hajiya hankali. Ƙara haske a ɗaki, ƙifta ido ko kawar da kai yakan kore su, kuma a mafi yawan mutane suna raguwa da lokaci. Idan kuwa akwai jin muryoyi, mantuwa ko ruɗewa, wannan wani abu ne daban da ke buƙatar a duba ta sosai.

Idan tsakiyar ganin ta riga ta tafi, sai a zauna kawai?

A'a. Ganin gefe yana nan, kuma ana koyon aiki da shi: a kalli ɗan gefen abu maimakon tsakiyarsa, sai ya faɗo a sashen ratina mai lafiya. Fitila mai ƙarfi da ke haska takarda daga bayan kafaɗa, gilashin ƙara girman rubutu, Alƙur'ani ko littafi mai manyan baƙaƙe, da waya da aka ƙara wa girman rubutu ko aka kunna mata karanta saƙo da murya, duk suna mayar wa mutum abubuwan da ya ɗauka ya rasa. A zuba farin tuwo a kwano mai duhu, a shafa farin fenti a bakin dakali da matakala. Mai shigowa kuma ya faɗi sunansa tare da sallama, kada a bar tsoho yana lalube da murya. 'Ya'yan mai ciwon, tunda gado yana da ƙarfi a cikinsa, su fara zuwa a buɗe musu ido a duba ratina da zarar sun kai shekara 50, su kuma gaya wa likitan cewa akwai shi a gida.